Tambaya da Amsa: Gwanin Injiniyan Manhaja da Kod Mai Gyaruwa

Wasiƙun wannan fitowa sun zo ne daga masu koyon rubuta manhaja, da waɗanda suka riga suka kama aiki, da kuma masu biyan kuɗi a rubuta musu. Inda muka ce "kod", muna nufin jerin umarnin da injiniya ke rubuta wa kwamfuta ta bi.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗalibi ne a shekarar ƙarshe. Na iya yarukan rubuta kod uku, Python da JavaScript da Java, kuma ina saurin warware tambayoyin gasar kod. Amma da na je sanin makamar aiki, sai shugaban sashen ya ce mini da sauran aiki a gabana. Me ya rage mini?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Abin da ka samu ba ƙarami ba ne, kada maganar ta karya maka gwiwa. Sai dai gasa daban, aiki daban. A gasa ana ba ka matsala a fayyace, ka rubuta layi hamsin, na'ura ta ce ka ci, daga nan ba mai sake buɗe wannan kod ɗin. A wurin aiki kuwa, manhajar da wasu suka yi shekaru suna rubutawa za ka tarar, da yawansu ma sun bar wurin, a ce ka ƙara abu ɗaya ba tare da ka fasa sauran ba. Yawancin yininka a karatun kod ɗin wasu zai tafi.

Abu na farko da ke bambanta gwani shi ne tambaya kafin rubutu. A ce an ba ka aiki: "a riƙa tura wa mai amfani saƙo idan biyansa ya shiga." Ɗan koyo zai buɗe kwamfuta nan take. Gwani zai tsaya ya tambaya: idan biyan ya shiga amma saƙon bai tafi ba fa? A sake turawa? Har sau nawa? Idan mutum ya danna maɓallin biya sau biyu saboda intanet ɗinsa ya yi nauyi, sau biyu za a cire masa kuɗi? Maganin wannan sananne ne. Kowace buƙatar biya a ba ta lambar shaida tata, sabar (kwamfutar da ke karɓar buƙatun) ta ajiye lambar, idan ta sake ganinta ta mayar da amsar farko maimakon ta sake cire kuɗi. Layi kaɗan ne, amma wanda bai yi tambayar ba ba zai rubuta su ba.

Akwai kuma ramukan da duk wanda ya daɗe a sana'ar ya san inda suke. Ba a lissafin kuɗi da lamba mai ɗigo irin ta yau da kullum, domin a Python da JavaScript idan ka haɗa 0.1 da 0.2 za ka ga 0.30000000000000004. Ana ajiye kuɗi ne a matsayin cikakkiyar lamba ta mafi ƙanƙantar kason kuɗin, ko a yi amfani da nau'in lambar da aka tanada don wannan. Lokaci kuma a ajiye shi da agogo guda na duniya, sai a wurin nunawa a juya shi zuwa agogon mai kallo.

Na ƙarshe, wanda a ganinmu ya fi duka nauyi: gwani yana rubutu ne yana tunanin wanda zai zo bayansa. Wannan mutumin ba shi da abin da ke cikin kanka, abin da ka bari a rubuce kawai zai gani. Sau da yawa ma kai ne shi, bayan wata shida, ka manta dalilin komai.

Yare na huɗu ba shi ne abin da kake buƙata yanzu ba. Ka ɗauki wata manhaja da kod ɗinta ke buɗe ga kowa a GitHub (shafin intanet da ake ajiye kod), ka zaɓi ƙaramar matsala ɗaya da aka kai ƙorafi a kanta, ka bi sawunta har ka gano tushenta, ka gyara, ka rubuta gwaji, wato ɗan kod mai duba aikin wani kod, da ke nuna ta gyaru. Yin haka sau biyar zai koya maka abin da tambayoyin gasa ɗari ba za su koya maka ba.

Tambaya: Ina da kamfani, muna da manhajar da ke aiki lafiya ƙalau. Injiniyoyina sun nace sai na ba su makonni uku su "share" kod, ba sabon abu ko ɗaya da zai fito. Abin da bai lalace ba, me za a gyara a cikinsa?

Amsa: Ranka ya daɗe, tambayarka a kan hanya take, kuma haƙƙinka ne su yi maka bayani da harshen da za ka gane. Kafin mu zo kan makonni ukun, ga wani abu da ya faru.

Ranar 1 ga Agusta, 2012, kamfanin Knight Capital na Amurka, mai hada-hadar hannayen jari, ya yi asarar kimanin dala miliyan 440 cikin minti 45. A cikin manhajarsu akwai wani tsohon sashe mai suna Power Peg da aka daina amfani da shi tun 2003, amma ba a goge shi ba, an bar shi kwance. Da suka zo ƙara sabon aiki, sai suka ɗauki alamar da a da ke kunna wannan tsohon sashe, suka mayar da ita mai kunna sabon. Sabar takwas gare su. Ma'aikacin da ya ɗora sabon kod ya ɗora a bakwai, ya tsallake ɗaya, kuma ba a sa wani ya duba bayansa ba. Da kasuwa ta buɗe, alamar ta isa sabar ta takwas, ta tayar da kod ɗin da ya yi shekara tara yana barci, ya shiga aika odar saye da sayarwa ba ƙaƙƙautawa. A cikin ruɗewa suka cire sabon kod daga sauran bakwai ɗin suna zaton shi ne mai laifi, abin ya zama gyaran gangar Auzinawa, domin yanzu duk takwas ɗin tsohon sashen suke tayarwa.

Ka lura, ranar 31 ga Yuli manhajar tana aiki lafiya ƙalau. Abubuwan da suka kayar da ita ba a ganinsu daga waje: mataccen kod da ba a kwashe ba, alama ɗaya mai ma'ana biyu, da ɗora kod da hannu ba tare da mai dubawa ba.

Injiniyan manhaja Ward Cunningham ne ya kwatanta wannan da bashi a 1992, kuma kwatancen ya zauna. Idan aka yi gaggawa aka bi gajeriyar hanya don a fitar da kaya kan lokaci, an ci bashi. Cin bashi ba laifi ba ne, wani lokacin shi ne dabara. Amma kowane canji na gaba sai ya ƙara tsada, har a kai inda aikin kwana biyu ke cin mako biyu.

Duk da haka ba mu ce ka sa hannu ido rufe ba. "Sharewa" ba tare da manufa ba kan zama ɓata lokaci. Ka nemi su kawo maka abu uku a rubuce: waɗanne fayiloli ne aka fi taɓawa a wata shida da suka wuce (Git, manhajar da ke adana tarihin canje-canjen kod, zai nuna wannan cikin minti ɗaya), a cikinsu waɗanne ne suka fi haifar da matsala bayan an saki sabon aiki, kuma wane aiki ne a gaba da gyaran zai sauƙaƙa. Inda amsoshin uku suka haɗu, nan ne kuɗinka zai yi amfani. Mummunan kod da ba mai taɓa shi kuma ba ya kan hanyar kowa, a iya ƙyale shi. Sannan mun fi son a ware wani kaso na kowane mako, ko da yini ɗaya ne cikin biyar, a kan a tsayar da komai na makonni uku sau ɗaya a shekara.

Tambaya: Kullum ana cewa in rubuta kod "mai tsabta". Ni dai ban ga ma'auni ba. Ta yaya zan gane nawa mai gyaruwa ne?

Amsa: 'Yar'uwa, ma'aunin da muka fi yarda da shi guda ne: idan aka ce ki canza doka ɗaya ta aikin, wuri nawa za ki taɓa, kuma ta yaya za ki san ba ki fasa wani abu ba?

Ga misali a kusa. Manhajar ɗakin karatu ce, ana ba da aron littafi na kwana 30. Wanda ya rubuta ya sa lambar 30 tsirara a wuri huɗu: inda ake lissafin ranar dawowa, inda ake lissafin tara, cikin saƙon tunatarwa, da cikin rahoton wata. A wani fayil kuma akwai wata 30 ɗin, amma ita mintocin da ake jira ne kafin a fitar da wanda ya bar shafinsa a buɗe. Ranar da aka ce aro ya koma kwana 21, ɗayan biyu zai faru. Ko a canza uku a manta da ɗaya, saƙo ya ce wa mutum yana da sauran kwana tara alhali tara ta fara hawa kansa. Ko a ce wa kwamfuta ta maye duk 30 da 21, a taɓa ta mintocin da ba ruwanta. Da tun farko an rubuta KWANAKIN_ARO = 30 a wuri ɗaya, da MINTOCIN_ZAMA = 30 a nasa wurin, da canjin layi ɗaya ne.

Suna shi ne rabin aikin. Ma'ajiya (inda kod ke riƙe wani bayani) mai suna x ko tmp2 tana tilasta wa mai karatu ya riƙe ma'anarta a ka, kuma kai ba ya riƙe abu da yawa a lokaci guda. Idan kika kasa samo wa wani fankshin (guntun kod da ake kira ya yi wani aiki) suna sai da "da" a ciki, kamar lissafaTaraDaTuraSaƙo, to aiki biyu yake yi, ki raba shi. Ribar rabawar a bayyane take: lissafin tara za ki iya gwada shi sau dubu ba tare da saƙo ko ɗaya ya tafi wayar kowa ba. Haka nan ki raba sashen da ke yanke hukunci da sashen da ke magana da rumbun bayanai ko intanet.

Game da tsawo, ba mu da lamba mai tsarki. Amma fankshin da ya wuce abin da allo ɗaya zai nuna, ko wanda "idan" ke cikin "idan" har hawa huɗu, ya isa a sake dubansa. Galibi ana warware hawan ne ta hanyar kore matsaloli tun daga sama: idan babu mai amfani, a fita, idan ba shi da izini, a fita, abin da ya rage shi ne ainihin aikin, a miƙe.

Sharhin da ake rubutawa a gefen kod kuma, ki bar shi ga dalili. "Ƙara ɗaya a kan lamba" ba ta gaya wa kowa komai, kod ɗin ya riga ya faɗa. Amma "muna jira daƙiƙa biyu a nan domin sabar bankin tana ƙin buƙatu biyu a jere" za ta hana wani ya goge layin yana ganin ya yi gyara.

Gargaɗi ɗaya: kada tsoron maimaici ya sa ki haɗa abubuwan da kamanni kawai suka yi. Sassa biyu na iya zama iri ɗaya yau, gobe dokar ɗaya ta canza ta bar ɗayan. Idan kin riga kin ɗaure su wuri guda, za ki fara cusa sharuɗɗa don raba su, abin ya fi na da muni. Da yawa daga cikin ƙwararru sukan jira sai sun ga abu ya maimaitu sau uku kafin su haɗa.

Tambaya: Na gaji wata manhaja daga wanda ya bar aiki. Fayil ɗaya ya haura layi 4,000, babu gwaji ko ɗaya, babu bayani. Zuciyata na ce mini in zubar in sake daga farko. Me kuka gani?

Amsa: Malam, kusan duk injiniyan da ya buɗe kod ɗin wani sai ya ji haka, kuma mafi yawan lokuta shawara ce mai tsada. Waɗannan layukan da kake gani kamar shirme, da yawansu tabon gyara ne: wani abokin ciniki da sunansa ke da harafin da ya rikita manhajar, wata ranar 29 ga Fabrairu da ta karya rahoto. Ba a rubuta su a ko'ina ba sai a nan. Idan ka zubar, sai ka sake faɗawa kowane rami da kanka. Kamfanin Netscape ya zaɓi sake gina burauzarsa (manhajar buɗe shafukan intanet) daga tushe a 1998, sabuwar ba ta fito ba sai ƙarshen 2000, a tsakanin nan kuwa Internet Explorer, burauzar kamfanin Microsoft, ya ci kasuwa.

Ga yadda za ka bi. Ka fara tabbatar da komai yana cikin Git, kuma kana iya tayar da manhajar a kwamfutarka daga babu. Duk matakin da ka bi ka rubuta shi, wannan ita ce takardar bayani ta farko da manhajar za ta samu.

Kafin ka canza komai, ka ɗaure halinta na yanzu da gwaji. Ka ɗebi misalai na gaske kamar ashirin ko talatin, bayan ka cire bayanan sirrin mutane, ka ba ta, ka adana abin da ta fitar. A wannan mataki ba ruwanka da ko amsar daidai ce. So kake ka samu ƙararrawa da za ta kaɗa idan wani abu ya motsa. Idan ka ga abin da ya yi kama da kuskure, ka rubuta shi a gefe ka tambaya, wataƙila wani sashen ya riga ya dogara da wannan kuskuren.

Sai ka fara yanka ƙanana. Canza suna ɗaya, gudanar da gwaji, adana a Git. Ciro layi talatin su zama fankshin, gwaji, adana. Doka mai ƙarfi a nan ita ce kada ka haɗa gyaran siffa da canjin hali a adanawa ɗaya. Idan ka haɗa, ranar da abu ya fashe ba za ka san wanne ne ya jawo ba. Idan ka raba, umarnin git bisect zai riƙa raba tarihin biyu-biyu, ya nuna maka mai laifi cikin adanawa 1,000 a matakai kamar goma.

Idan har wani ɓangare ya wuce gyara, ka gina sabon a gefensa, ka karkatar da aiki kaɗan-kaɗan, ka bar su biyun suna gudu kana kwatanta amsoshinsu. Da sabon ya karɓi komai, ka goge tsohon gaba ɗaya. Kada ka bar shi "ko za a buƙata", Git yana riƙe da shi.

Tambaya: Shugabanmu yana son gwaji ya rufe kashi 100 cikin 100 na kod. Dole ne?

Amsa: Ba dole ba ne, 'yar'uwa. Wannan ma'auni yana nuna layin da gwaji ya bi ta kansa ne kawai, ba ya nuna ko an duba amsar. Ki sa ƙarfinki inda kuɗi ko izini ko bayanan mutane suke, da kuma bakin iyaka: jeri marar komai, sifili, lamba ƙasa da sifili, ranar ƙarshen wata. Duk kuskuren da aka kama a aiki, a rubuta masa gwajin da ke faɗuwa kafin a gyara shi. Gwajin da yau ya ci gobe ya faɗi ba dalili kuma, a gyara shi ko a cire, domin yana koya wa mutane yin biris da jan alamar da ke nuna gwaji ya faɗi.

Tambaya: Ina yawan kwaso kod daga intanet, yanzu kuma ƙirƙirarriyar basira na rubuta mini. Yana aiki. Akwai laifi?

Amsa: Aro ba laifi ba ne, ɗan'uwa, duk manhajar duniya a kan aikin wasu take tsaye. Haɗarin yana cikin zaton da kod ɗin ya zo da shi wanda ba a faɗa maka ba.

Ranar 4 ga Yuni, 1996, rokar Ariane 5 ta Turai ta tarwatse cikin daƙiƙa 40 na farkon tashinta. Manhajar da ke auna motsinta an ɗauko ta ne daga Ariane 4, inda ta yi shekaru tana aiki. A wani wuri tana zuba lamba mai faɗin bit 64 (bit shi ne mafi ƙanƙantar gurbin bayani a kwamfuta) cikin ma'ajiya mai bit 16, wadda ba ta ɗaukar abin da ya wuce 32,767. A tsohuwar rokar lambar ba ta taɓa kai nan ba. Sabuwar ta fi gudu a kwance, lambar ta yi ambaliya, na'urar ta tsaya. Na'urar ko-ta-kwana ma manhaja iri ɗaya take ɗauke da ita, don haka ita ma ta tsaya. Abin da ya fi ciwo, sashen da ya jawo wannan ba shi da wani amfani ga Ariane 5 bayan ta bar ƙasa.

Don haka duk abin da ka aro, ka tambayi kanka: wane girman bayanai yake tsammani, me yake yi idan aka ba shi wofi, me yake yi idan intanet ya yanke. Layin da ba za ka iya bayyana wa abokin aikinka ba, kada ka adana shi da sunanka. Kod ɗin ƙirƙirarriyar basira yana da wata illa ta daban: yana fitowa sumul, cikin tsari mai sa a saki jiki, alhali wani lokacin yana kiran fankshin da babu shi, ko ya sake rubuta abin da manhajarka ta riga ta mallaka a wani fayil. Ka karanta shi kamar yadda za ka karanta aikin sabon ma'aikaci.

Haka kunshin kod da kake jawowa daga waje. A Maris 2016 mai wani ɗan kunshi mai suna left-pad, layi 11 kacal, ya cire shi daga npm, rumbun da masu rubuta JavaScript ke ɗaukar kunshin kod, ayyuka masu ɗimbin yawa suka kasa haɗuwa. A Disamba 2021 aka bayyana wata ɓarakar tsaro a wani kunshin Java mai suna Log4j, kamfanoni da dama suka kwana suna bincike don ba su ma san ko yana cikin manhajarsu ba. Ka kulle lambar fitowar kowane kunshi a fayil, ka san jerin abin da kake ɗauke da shi, ka riƙa sabuntawa kaɗan-kaɗan duk wata. Wanda ya bari shekara uku suka taru, sabuntawar kanta sai ta zama babban aiki mai haɗari.

Tambaya: Duk lokacin da aka yi bitar kod ɗina sai in ji kamar ana ci mini fuska. Ni ma in na duba na wasu sai a ce na cika tsanani. Ina mafita?

Amsa: 'Yar'uwa, wannan ciwon kowa ya san shi, kuma yawancinsa tsari ne ke magance shi. Ki riƙa tura aiki ƙanana, layi 200 zuwa 300. Wanda aka tura wa layi 2,000 ba zai iya karantawa da natsuwa ba, ko ya sa hannu bai duba ba, ko ya kama ƙananan abubuwa ya yi ta suka. A saman kowane aiki ki rubuta jimla uku: me ya canza, me ya sa, ta yaya kika gwada.

Gardamar tazara da waƙafi a bar wa na'ura. Manhajojin daidaita tsarin kod irin su Prettier ko Black za su daidaita wannan da kansu duk lokacin da aka adana, mutane su samu sararin duba abin da ke da nauyi. In ke ce mai dubawa, ki yi magana a kan kod, ki kawo dalili: "idan jerin nan ya zo wofi, layi na 42 zai faɗi, ko mu tare shi daga sama?" Ki kuma bambanta abin da dole a gyara da abin da ra'ayinki ne kawai, ki rubuta hakan a fili. Idan musayar rubutu a kan abu ɗaya ta kai zagaye uku ba a daidaita ba, ku ajiye allon ku yi magana baki da baki na minti goma, sannan ɗayanku ya koma ya rubuta abin da aka yanke da dalilinsa a ƙarƙashin aikin.